Randar Sabil ta Inna

Mai Wurno, 4 ga Agusta, 2009

Zuwa ga maigidana, Baban Rayan,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aikin gona a Gadarif, yaya damina? Inna mahaifiyarka tana sa maka albarka.

Kada hankalinka ya tashi, amma ɗiyarka ta sha zawo har wuyanta ya rame. Yanzu da sauƙi, ruwan gishiri da sukari ya taimaka. Abin da ke damuna shi ne Inna. Ta kafe cewa haƙori ne, kuma ta aika wa Abdulmuttalib wanzami ya zo ya tsaga dasashin yarinyar ya ciro shi, yadda aka yi maka. Wallahi ina jin tsoron askar nan. Ka san Inna, in ta ce gabas, ko liman bai juya ta yamma.

Allah ya taimake ni, ƙanwata Ruƙayya ta zo daga jami'ar Madani. Bincikenta a kan zawon yara ne. Ta bi gida-gida da 'yan kwalabe tana karɓar kashin jarirai, mata suna ta yi mata dariya wai boko ya ƙare a bayan gida. Ta ɗebi ruwan tura'a, wato magudanar ban ruwan gonaki, da na rijiya, har da na randar sabil ɗin da Inna ta aje a ƙofar gida don masu wucewa su sha, sadaka ga marigayi Baba. Da ladabi ta roƙi Inna ta dakatar da wanzami sai sakamako ya fito. Inna ta yarda, don kunyar baƙuwa kawai.

Ka yi mana addu'a.

Matarka,
Huseina

Mai Wurno, 27 ga Agusta, 2009

Zuwa ga Baban Rayan,

Bayan gaisuwa da begenka, muna nan lafiya lau, ina fatan kai ma haka.

Ruƙayya ta dawo da amsa. Ta ce ƙwayar cutar da ta kawo zawon sunanta Ikolai, kuma danginta suna cikin kowa ba su cutarwa, a madubin asibiti duk kamarsu ɗaya. Sai an ciro ƙwayar halittarta, na'ura ta riɓanya ta, sannan a gane muguwar da alamarta, kamar yadda ake gane ɗan gida da tsagar fuska. To, alamar da ke cikin Rayan ita ce a cikin yaran maƙwabta, ita ce kuma a cikin randar Inna. Rijiya ba ruwanta. Moɗar nan da kowa ke tsomawa da hannunsa, ita ta jawo. Ni ma daga nan nake ɗibar wa yarinya, don ya fi sanyi.

Ban taɓa ganin Inna haka ba. Ta zauna bakin randa, ko jabana, gahawar da ta saba, ba ta sha ba. Daga baya ta ce ita lada take aika wa mijinta, ashe jikarsa take shayar da ciwo. Sai da na yi hawaye. Na ɗauka fasa randar za ta yi.

Ina, ba Inna ba. Washegari ta kwashe ruwan, ta ƙona cikin randar da kara, ta sa aka huda gindinta aka liƙa famfo, ta ɗaure murfin da igiya. Ruwa kuwa sai an tafasa ya huce. Yanzu tana zaune ƙarƙashin bishiya da 'yar tsumagiya, duk yaron da ya taɓa murfi ya ji a jikinsa. Har bayanin tsagar ƙwaya take yi wa mata, ka ce ita ta yi karatun.

Da wanzami ya zo, ta tara masa ruwa a famfo, ya sha, ta sallame shi da askarsa a jaka.

Jiya Inna ta sa yatsa a bakin Rayan tana lalube, sai muka ji ta yi ƙara. Haƙori ya fito da kansa, kuma ita ya fara cizo. Ta zagaye unguwa tana nuna wa kowa yatsan.

Ka dawo ka ga ɗiyarka, ta yi kumatu. Allah ya kawo mana kai lafiya.

Taka har kullum,
Huseina