Sunan da Uwarsa Ba Ta Taɓa Kamawa Ba

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke zaɓar yara domin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Minna. Ban saba kai kuka jarida ba, sai da dabara ta ƙare mini.

Na farko. Bayan ƙaramar Sallah wani mai koyar da ƙwallo ya zo filin makaranta a Bosso, ya ce ku kuka aiko shi. Ya zaɓi jikana Idirisu, ɗan shekara goma sha biyar. Ubansa bai so ba. Ni na sa baki, ni na raka shi tasha, na danƙa hannunsa a hannun mutumin nan, na ce ga amana.

Na biyu. Wani yaron Kuta da suka tafi tare ya dawo tun farkon damina. Ya ce a Ikko an tara waɗanda ba a ɗauka ba, aka ce kowa ya kama hanyar gida. Shi yana da kawu a can. Idirisu ba shi da kowa, kuma bai taɓa yin tafiyar da ta wuce Kuta ba.

Na uku. Na je sansaninku da tsufana, aka ce ba a san wani Idirisu ba. Sai da na kwatanta shi, dogo mai bugu da ƙafar hagu, sannan mai gadi ya tuna: Minna ake kiransa a can. Inda ya nufa, ba wanda ya sani.

Kada ka yi mamakin kaka ne ke rubutu. Yaron ɗan fari ne. A gidanmu uba ba ya cigiyar ɗan fari a bainar jama'a, uwa kuwa ba ta kama sunansa. Tun da uwarsa ta haife shi "yaron nan" take cewa. Ranar Juma'ar da ta wuce ta tsaya a ƙofar gida tana tambayar masu dawowa daga masallaci ko sun ji labarin Idirisu, da bakinta ta kama sunan. Ban iya ɗaga kai na dube ta ba.

Ba na roƙon a sa shi cikin ƙungiya. Ina roƙon a nemo mutumin da ya karɓe shi, a tambayi yaran da suka kwana ɗaki ɗaya, a yi cigiya a rediyo da sunayensa biyu, Idirisu da Minna, don ban san wanda yake amsawa yanzu ba.

Allah ya ba ƙungiyarku nasara, ya raya maka naka a gabanka.

Wassalam.

Kakan Idirisu,
Bosso, Minna.