Haihuwa a Teburin Yankan Yadi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Inna tana gaishe ki.

Bayan gaisuwa, Kawu ya ce in bar ɗinkin da nake yi a wurin uwar ɗakina, in karɓi shagonsa na yadi. Inna ta ce zaman bayan kantar shago shi ne daidai da ni, yarinyar da ko kyankyaso ta gani sai ta haye kujera. Tun ina ƙarama kuke kirana farar kura, ni ma ban taɓa musu ba. Na ce zan ba shi amsa ƙarshen wata, amma a raina na riga na amince.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ranar Talata da hantsi wata mai juna biyu ta zo shagon ɗinkinmu karɓar kayan jariri. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, titi ya cika, babu motar da za ta iya shigowa. Nan naƙuda ta kama ta. Uwar ɗakina, wadda ta haifi biyar, ta tsaya a bakin ƙofa tana salati, ta kasa komai.

Yaya, ban san lokacin da na kwashe almakashi da alli daga teburin yankan yadi ba. Na shimfiɗa sabon farin yadi, na kwantar da matar, na kira ungozomar asibitin unguwa a waya. Tana faɗa, ina yi. Muryar da na ji tana lallashin matar a natse, sai daga baya na gane tawa ce.

Yaron ya fito shiru, jikinsa a sake. Ungozoma ta ce kada in yanke cibiya, in goge shi, in murza bayansa da ƙarfi. Na murza, na sake murzawa. Can sai na ji ƙirjinsa ya ɗago a tafin hannuna, ya tsala kuka. Numfashin farko na ɗan Adam, a hannuna ni! Allah mai iko.

Da ruwa ya ɗauke ungozoma ta iso, ta gama sauran aikin. Ta dube ni ta tambayi inda na koya. Na ce ban koya ba. Ta ce, "To ya kamata ki koya."

Na yi kwanaki ina juya abin. Tsoro dai ina da shi, ko jiya na gudu wa ƙadangare a tsakar gida. Amma na gane tsorona na abin da bai zo ba ne. In ya zo, hankalina kwanciya yake yi. Shekara da shekaru ina zaune da wannan baiwar Allah a jiki ɗaya, ban san ta ba, har na kusa kulle ta a bayan kantar Kawu.

Ki gaida yara.

Taki,
Auta

Yayata,

Na samu wasiƙarki, na gode da addu'a. Allah ya bar zumunci.

Na je na durƙusa na faɗa wa Kawu cewa makarantar ungozoma zan shiga. Ya ce albarkacin rana ɗaya zan yi watsi da abin da zai riƙe ni har tsufa. Ya ba surukinsa shagon, kuma har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata. Abin yana mini ciwo, don ban taɓa ce masa a'a ba. Amma ban yi nadama ba.

Inna ta yi kwana biyu ba ta tanka mini ba. Yau da safe ina share ɗakinta sai ta ce in ajiye tsintsiyar in zauna kusa da ita. Ta kama hannuwana tana juya su, tana kallo kamar ba ita ta haife su ba. Sannan ta ce in ba ta labarin yaron nan tun daga farko, kada in tsallake komai.

Wassalam. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta