Shekaru Huɗun Da Na Ƙara Wa Saude

Zuwa ga Innata,

Inna, ke da kika haife ta, da ku masu leƙen wasiƙar nan a waya, ku faɗa mini: yarinyar da har gobe sai an kore ta daga wasan gaɗa idan magariba ta yi, ita ce za a tsayar gaban mutum mai furfura a gemu ta ce masa ba ta iya cin abinci saboda tunaninsa?

Ki gafarce ni, na fara da faɗa ban yi sallama ba. Kin san halina. Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina sanar da ke muna nan lafiya a Dayi. An cire masara, waken suya ya yi kyau, Baba yana fama da gwiwarsa kamar yadda kika bar shi. Ɗanki Sanusi ne. Shekara huɗu da rasuwarki ban rubuta miki ko layi ɗaya ba. Karatun da na tsinta a jaridun ƙunshin tsire da cikin waya sai yanzu ya yi ƙwarin da zan rubuta laifina da hannuna.

Autarki Saude ta shiga fim. Kar gabanki ya faɗi, tana hannun Gwaggo Ladi a Funtua, ana kai ta ana dawo da ita. Hutu ta je, 'yan fim suka zo unguwar suna neman 'yan mata da za su cika taron biki, darakta ya gan ta tana kwaikwayon tafiyar Gwaggo a bayanta. Kin tuna yadda take kwaikwayon mai gwanjon nan na ranar kasuwa, har ki dafe ciki ki ce, "Saude, ki rufa mini asiri, tuwo zai ƙone"? To baiwar nan ce wasu suka gani. Da farko 'yar talla aka sa ta fito, minti biyu. Na tara abokaina a rumfar mai caji muka kalla sau biyar. Ina ta nuna ta da yatsa kamar ba su san ta ba.

Yanzu shiri mai dogon zango ne, duk mako ana saki. Ita ce budurwar jarumin. A labarin shi babban dillalin hatsi ne, a zahiri kuma ya haura arba'in. Shekararta goma sha biyar.

Na san abin da za a ce, an riga an faɗa mini har na ƙoshi. Ai ba ya taɓa ta. Gaskiya ne, ko gefen mayafinta bai taɓa riƙewa ba. Amma kalaman fa? A ba ta takarda ta haddace maganar da ko a gabanki ba za ta iya maimaitawa ba, ta faɗa, a ce ba ta yi ba, ta sake, ta sake, har sai ta iya kashe ido yadda ake so.

Makon farko ta kira ni tana ƙyalƙyala. Ta ce, "Yaya, wallahi in ya kalle ni sai in ga kamar Kawu Iro ne ya zo karɓar aron galma, sai dariya ta kama ni, darakta ya yi ta faɗa." Na taya ta dariya. Bayan wata guda na tambaye ta ko har yanzu ana faɗan, ta ce a'a, ta daina dariyar, ta saba. Kalmar nan "ta saba", Inna, ita ta hana ni sukuni.

Sannan ga mutanen gari. Ana yanko guntun fim ɗin ana yaɗawa, magidanta masu 'ya'ya suna rubuta abin da ba zan kawo miki ba. Da ta zo gida da sallah, wani da kike ba shi fura yana yaro ya tsayar da mashin a gabanta ya ce, "Amaryar Alhaji, ni ma a faɗa mini irin ta fim ɗin mana." Ta shige ɗaki ba ta ƙara fita ba har ta koma. Da aka buɗe makaranta ta ce ba za ta je ba, 'yan aji suna kiran ta matar dillali.

Sai na hau mota na tafi Funtua da bakina cike. Na sami 'yan fim ɗin suna ɗaukar shirin a wani sito na hatsi. Ban bar kowa ba. Na ce musu marasa tsoron Allah, na ce da 'yarsu ce ba za su yi ba, na faɗi wasu da ba na rubutawa. Darakta ya bar ni na gama. Ya buɗe jaka ya zaro hoton katinta na ɗan ƙasa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Malam Sanusi, sha tara aka rubuta a nan. An ce ma kai ka kai ta aka yi."

Inna, ni na kai ta.

Daminar bara taki ya fi ƙarfinmu. Aka zo rubuta sunaye na mai rangwame, kati ɗaya buhu ɗaya, kuma sai wanda ya cika sha takwas. Duk unguwa haka aka yi, kowane gida aka duba wa ya yi tsawo. Saude ta ɗebo tsayinki. Na aro mata dogon hijabin matar Kawu, na goya ta a mashin zuwa Malumfashi wurin yin katin, a hanya ina koya mata shekarar da za ta faɗa. Ta faɗa ba gargada, har da sauya murya. Da muka fito na saya mata awara na ce, "Ke kam 'yar fim ce." Buhun nan muka zuba wa masarar fadama. Ta yi kyau kuwa, mun ci.

A siton nan bakina ya mutu. Ke da kike cewa, "Sanusi, kai ko liman sai ka ba shi amsa," da kin gan ni ranar da kin tausaya mini. Jarumin ne ma ya jawo mini benci ya ba ni ruwa. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai kunya. Ya ce shi ma yana da 'ya a sakandare, ya ce sha tara aka gaya masa. Na kalle shi, ya kalli ƙasa. Mu biyu mun san fuskar Saude ba ta sha tara ba ce.

Baba ya ce in bar maganar. Ba don bai damu ba, ya daina zama majalisar ƙofar masallaci tun da aka fara tsokanar. Tsoronsa in aka tono katin za a ce gidanmu maƙaryata ne, a cire mu daga rabon taki, a kuma bi sauran gidaje, unguwa ta tsane mu. Ban ga laifinsa ba. Tsoho ne da gona da ciwon gwiwa.

Ita kuma Saude fushi take da ni. Ta ce na zubar mata da mutunci a gaban mutane, ta ce karon farko ke nan da aka ce ta iya wani abu. Ta yi gaskiya, ta iya. Ni ban ce a raba ta da fim ba. A sa ta 'yar makaranta, a sa ta ƙanwar wani, a sa ta 'yar dillalin ma, za ta ba su dariya har su faɗi. Soyayyar ce ta jira ta girma.

Shekaranjiya na buɗe kwallarki, wadda ba wanda ya taɓa tun tafiyarki. Ƙarƙashin zannuwa na sami katin rigakafin Saude a naɗe cikin leda biyu. Ba ki iya karanta ko harafi ɗaya a jikinsa ba, amma kin adana shi kamar zinari. Ranar haihuwarta tana nan da rubutun malamar asibiti. Na zauna a bakin gadonki na daɗe, ƙamshin turarenki bai gama fita daga kayan ba.

Ranar Litinin zan ɗauki katin rigakafin in je kotu in yi rantsuwa a gyara shekarunta. In tara ce in biya, in kunya ce in sha. Na gaya wa Baba, bai ce je ka ba, bai ce kar ka je ba, ya dai ce in tafi da wuri kafin layi.

Ki yafe mini, Inna. Amanarki kika bar mini, na kai ta kasuwa saboda buhu ɗaya. Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya tsare mana Saude, Ya sanyaya zuciyarta a kaina, Ya mayar da ita aji. Amin.

Saura magana ɗaya, kuma ba taki ba ce, ta darakta ce, don na san za a kai masa. Na tura masa hoton katin rigakafin, ya buɗe, ya yi shiru. Ranar Asabar suka tsara ɗaukar fitowar da za a kai Saude ɗakin dillali a matsayin amarya. Ni na faɗi nawa laifin a gaban duniya da sunana. Shi ma ya fito nan ƙarƙashin rubutun nan, ba ta waya ba, ba ta bakin yaransa ba, ya amsa kowa ya gani: yanzu da ya san shekararta sha biyar, zai ɗauka ko ba zai ɗauka ba?

Ɗanki mai kewarki,
Sanusi, daga Dayi.