Motar da Mama Ta Wanke

Yayana na kaina,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, ya aiki, ya kuma sanyin wajenku? Na zaɓi in rubuto ne saboda duk wayar da muka yi a kunnen Baba muke yin ta, ni kuma akwai abin da ba zan iya faɗa a gabansa ba.

Gaskiya jikin nasa ba kamar yadda nake ce maka ba ne. Tun da ɓarin jikin ya shanye, in ban da "eh" da "a'a" ba mu ji komai daga bakinsa ba. Mai gashin ƙashi ya ce hannun dama zai iya tashi, harshen ma lafiyarsa ƙalau, zuciyar ce ta ƙi. In aka miƙa masa cokali sai ya juya fuska bango. Mai gashin ƙashin ya kuma gaya mini a ɓoye cewa in aka daɗe a haka, hannun zai sandare ke nan. Yaya, tsoro nake ji.

Saƙonka ya iso. Ashe ƙaramar motar tseren nan ce da Baba yake ba mu labari, wadda ake yini a kwana ana gudu da ita, har ya hana mu canza tasha in ana nuna tseren a talabijin. Ba ta wuce tafin hannu biyu ba, koriya mai farin zane, ga doguwar jela, ga lamba a ƙofa. In ka murɗa sitiyari tayoyin na juyawa, in ka ɗaga murfin baya sai ga inji da 'yan wayoyinsa. Na ɗora masa a kan tebur, ya ƙura mata ido har shayinsa ya huce. Rabon da ya kalli wani abu haka, na manta.

Sai dai an cuce ka. Motar duk datti ce: baƙin hayaƙi a wajen salansa, tabon mai a gefe, gilashin gaba ya yi dususu sai inda waifa ta share. Mama ta ce tsohuwa aka sayar maka, wai dama kai ko tumatir aka aike ka sai ka zaɓo ruɓaɓɓe.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku duka, ka zauna tukuna kafin ka karanta wannan.

Ka san Mama da tsabta. Ranar da na kai Baba asibiti, ta ɗauki motar nan ta shiga da ita bayan gida da buroshin haƙori da garin sabulu. Da dattin ya ƙi fita, sai ta ɗauko man goge jan farcena. Muna dawowa muka tarar da ita tana ƙyalli a kan tebur, Mama na tsaye a gefe tana jiran a yaba.

Baba ya dube ta, ya dubi Mama. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ce shi ke nan, ciwon ne zai sake bugunsa. Sai kawai muka ji murya, irin wadda yake kiranka da ita in ka taɓa masa rediyo:

"Wa ya wanke ta?"

Kwano ya suɓuce daga hannun Mama. Shi kuwa ya ci gaba da faɗa, kalma na karyewa yana ɗinke ta, yawu na zuba bai damu ba. Ashe dattin nan fenti ne, da gangan aka yi shi, don a nuna motar yadda ta shigo bayan ta gama tsere. Ya ce mai ƙyalli ai kowa na da ita, wannan kuwa ta kwana a hanya ta dawo. Ya ce mu mutanen gidan nan ba mu san komai ba sai wanki.

Mama ta durƙusa tana kuka tana dariya, tana cewa ya ƙara, ya zage ta da kyau. Ni ma kukan nake. Shi kuma ganin muna murna sai ya ƙara hasala, ya buga tebur. Da hannun dama, Yaya!

Washegari ya sa na kawo masa kyandir da man goge takalmi da auduga a tsinke. Na ce in taya shi, ya ce in je in taya uwata wanki. Yanzu kullum da safe yana bakin taga yana mayar wa motar da dattinta. Hannun na rawa, tsinken na faɗuwa, ya sa a ɗauko masa. Ba zan ɓoye maka ba, aikin bai yi kyau ba ko kaɗan, ta koma kamar wadda ta faɗa kwata. Amma mai gashin ƙashi da ya gani ya ce a bar shi, ko shi bai da atisayen da ya kai wannan. Jiya Baba da kansa ya ci abinci da cokali, rabi a baki rabi a riga.

Anti ta ce kana neman wata irinta ka aiko. Don Allah kada ka soma. Wannan ɗin muke so, har da shatin babban yatsansa a kan rufin. Mama ma ta samu abin yi: duk ranar da ya ce ya gaji da atisaye, sai ta ɗauko buroshin nan ta wuce ta gabansa a hankali, shi kuma ya bi ta da faɗa har kicin.

Ka kira gobe da hantsi. Ya ce shi zai ɗauka, kuma yana da magana da kai a kan wanda ya ce an cuce ka.

Taka har kullum,
Auta