Ku Buga Mata Fasta Kafin a Raba Gado

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba zafin ciwo ba ne, ba kuma magani ne ya juya mini kai ba. Likita ba ta ɓoye mini ba, da wuya in sake ganin ƙofar shagona. Wata bakwai ke nan ina kwance a ƙasar waje, inda ko ruwa sai na nuna da yatsa ake ba ni. Na gaji. Amma labarin da ya iske ni a gadon nan ya fi ciwon ci mini rai.

Na ɗaya. Gida da fili da shagon ɗab'i, Allah ya riga ya raba, ban isa in sa baki ba. Sai dai kada a taɓa shagon, kada a sayar da injin, sai an gama zaɓen fid da gwani.

Na biyu, kai Babba. An ce ƙanwarka Malama ta kawo maka hotonta ka buga mata fastocin takarar majalisa, ka ce inji ya lalace. A ranar kuma injin ya buga wa ɗan kwangilar da ke karawa da ita dubu biyar. Bai ishe ka ba, ka rubuta wa jam'iyya cewa dangi ba sa bayanta, wai da yawuna. Yaushe na ara maka bakina? Ban mutu ba tukuna, har ka fara magana da sunana. Ka je da ƙafarka ka janye takardar nan, a gaban waɗanda ka miƙa wa.

Shekara talatin da huɗu ina buga fuskokin maza. Na goge musu tamoji, na haskaka musu haƙora, na rubuta "mai gaskiya" a ƙarƙashin mutanen da ba zan ba su ajiyar allura ba. Mace kuwa, in an tuna da ita, sai a ce in maƙala shugabar mata can ƙasa a kusurwa, kamar kan sarki a ambulan. Mata ke cika fili, su ke shan rana a layi tun safe, in an zo rabon kujera a ce su yi haƙuri, lokacinsu na zuwa. Ni na ga tsofaffin da suka mutu suna jiran lokacin.

Na uku, laifina, don kada Babba ya ce shi ya fara. Kuna ƙanana mahaifiyarku, Allah ya ji ƙanta, ta nemi kansila saboda asibitin unguwa da ba shi da ko gado ɗaya na haihuwa. Na haɗa farantin buga fastocinta, na tada inji, an fitar da kamar arba'in, sai ga manyan jam'iyya sun cika bencin shago. Suka ce ina zan sa fuskata ranar da za a kira ni mijin kansila, suka kuma yi mini alkawarin aikinsu duka. Na kashe injin. Ta zo ta tarar da shi shiru, ta kwashe arba'in ɗin nan, ta dube ni ta ce, "Na ɗauka kai kam ba za ka ji tsoro ba." Ba ta sake tada maganar ba har ta koma ga Allah. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Karatunku da aikin jam'iyyar nan aka yi shi, ku san da me aka saye shi.

Na huɗu. Makullin ɗakin inji ya koma hannun Auta daga ranar da kuka karanta wannan. Auta, ka buga wa Malama iya abin da ta nema, hotonta ya cika takarda, sunanta kaɗai, ba 'yar wane ba, ba matar wane ba. Babba, ban kore ka ba. Ka riƙe shago wata bakwai ba ka bar ma'aikata sun watse ba, na gani, na gode. In ɗan kwangila ya kawo aiki ka buga masa, sana'a ce. Ƙuri'arka ma taka ce, ka ba wanda ka ga dama. Tare mata hanya ne ban yafe ba.

Na biyar, ke Malama. Kada ki ɗauka don na tsaya miki ba ki da aibi. Bakinki ya fi reza, ba kya bari mutum ya kai aya. Majalisa ba aji ba ce, ba wanda zai ɗaga hannu ya jira ki. Za su zage ki, za su zagi kabarina. In kin shiga, kada ki zama irin waɗanda na yi wa kwalliya a takarda. In yayanki ya janye takardar, ki karɓe shi, kada ki ajiye masa ita a zuci.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuri'arku, ya yafe mini. Ku riƙe juna, kada kujera ta raba abin da ciki ɗaya ya haɗa. Ranar zaɓe ku raka ta har ƙofar zauren zaɓen, Babba a gaba. In za ta faɗi, mutanen gari su kayar da ita da ƙuri'a. Kada a sake cewa daga gidana aka kayar da mace.