Sai Havella Ya Sha Ruwa

Bergen, 9 ga Afrilu

Ƙanwata Torunn,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama. Sanyin Trondheim ya sassauta kuwa?

Zauna tukuna. Kin tuna Havella, jirgin fiton da Baba ya shekara talatin yana tuƙawa, yana ƙetarar da matan masana'antar kifi daga wannan gaɓa zuwa waccan? Bai mutu ba! Tun ranar da aka daina fito da shi yake ajiye a rumfar wani tsoho, shekara arba'in da ɗaya bai taɓa ruwa ba. Na ɓoye miki ne don na san bakinki. Shekara biyu ke nan ni da abokina Sverre muna kansa: mun tashi injin, mun sauya katako tara, na goge ƙararrawar har ina ganin sanƙona a ciki.

Ran Litinin muka saka shi a ruwa. Torunn, kwando! Ta ko'ina ruwa ke shiga, da kyar muka jawo shi tudu. Na koma bayan rumfar na yi kuka, ni da furfurata. Magadan tsohon za su rushe wurin ƙarshen wata, sun ce in jirgin bai tashi ba, zarto za su sa masa. Gobe zan bi kowace kafa in cusa mata rama da kwalta har sai ta toshe.

Ki gaishe da Mama, ko da ba za ta gane ko wane ne ba.

Yayanki,
Eilif

Trondheim, 12 ga Afrilu

Yaya Eilif,

Ina gaisuwa, amma a tsaye nake rubutun nan. Ajiye ramar nan! Wadda ka cusa ma, zare ta.

Kai da ka ƙare rayuwarka a ofishin gidan waya, yaushe ka zama masassaƙi? Na kai wasiƙarka gidan tsofaffi na karanta wa Mama, don dai in cika shirun ɗakin. Ka san tun Kirsimeti ba ta kira sunana ba, "malama" take ce mini. Ina zuwa wajen kwalta sai ta ɗago kai ta ce, "Wane sakarai ne wannan? Zai fasa jirgin!"

Kofi ya kusa suɓuce mini. Ta ce, "Ƙishirwa yake ji. Duk bazara mijina Oddvar rataye shi yake da igiya a cikin ruwa, ya bar shi ya sha. Katako ya kumbura, kafofin su rufe da kansu. In an cusa abu, ina katakon zai je? Tsagewa zai yi."

Na ce, "Kwana nawa, Mama?" Ta dube ni kamar na tambaye ta launin madara. "Huɗu. Wanda ya daɗe a tudu, bakwai."

Daga nan ta koma kallon taga.

Taka,
Torunn

Bergen, 21 ga Afrilu

Ƙanwata,

Na gaishe ki, na kuma karɓi sakarcina hannu biyu. Kwana biyu na yi ina zare abin da na cusa.

Mun rataye shi kamar yadda ta ce. Ranar farko famfon kwashe ruwa bai huta ba, Sverre yana ta cewa, "Wankan gawa kawai muke yi." Rana ta uku na sa kunne a jikinsa, na ji yana ƙara a hankali, ƙas, ƙas. Itacen da aka sare tun Baba bai yi gemu ba, wai shi ne ke motsi a ƙarƙashin tafina! Ran na shida yoyon ya koma ɗigo. Ran na bakwai na shimfiɗa jarida a ƙasansa, na ɗauke ta a bushe.

Jiya da hantsi muka kwance igiya. Na kaɗa ƙararrawa sau biyu irin na Baba, muka ƙetare. Wata tsohuwa a gaɓa ta saki jakar cefanenta tana ɗaga mana hannu. Na ɗan bugi katakon matsaya wajen tsayawa, kada ki gaya wa kowa.

Ki faɗa wa Mama jirginta ya sha, ya ƙoshi.

Yayanki,
Eilif

Trondheim, 24 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta mata duka, har da bugun matsayar, ka yi haƙuri. Ta yi dariya ta ce, "Eilif ke nan. Tun yana yaro ba ya rage gudu da wuri."

Sunanka ta kira, Yaya. Ban gaya mata wanda ya rubuto ba.

Likita ya yarda in kawo ta. Muna tafe ran Asabar, ka tanadi bargo a bencin gaba.

Taka,
Torunn