Buhunan da jami'inku ya zauna a kai

Zuwa ga Manajan kamfanin inshorar Musulunci mai kula da yankin Rano da Kibiya,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan damina ta same ku lafiya.

Sunana Sabo, tela, ɗan Yalwa, ina zaman haya a garin Rano da iyalina. Bari in fara da murna, don wallahi har yanzu bakina ya ƙi rufuwa: kun biya! Bara da na yi wa kayan ɗakina inshora, maƙwabta dariya suka yi ta yi mini, maiɗakina ma ta ce na zuba kuɗi a rijiya. Sai ga iskar ruwan farkon bana ta yaye kwanon ɗakinmu, ruwa ya sauka a kanmu. Mai gidan ya ce nasa gini ne, kayan ciki ba ruwansa. Ku kuwa kuka biya keken ɗinki, da katifa, da yaduddukan mutane. Ranar da sabon keke ya iso a bayan babur, maiɗakina guɗa ta rangaɗa, ta manta da zancen rijiya.

To amma da sauran magana, kuma ba ƙarama ba ce.

Na ɗaya. Kun ƙi biyan buhunan dawata da ruwan ya lalata a ɗakin, wai amfanin gona ba kayan gida ba ne. Haba, ranka ya daɗe! Gidan haya yana da rumbu ne? Manomin da ke haya a Rano, ɗakin kwanansa shi ne rumbunsa. A leƙa ɗakin kowa a unguwarmu a gani.

Na biyu. An ce ban nuna buhunan ba ranar rajista. Jami'inku da ya zo, a kansu ya zauna! Mun jera su jikin bango, an lulluɓe da zane saboda baƙi, shi kuwa ya ɗauka kujera ce. A nan ya sha furarsa, har yana yaba laushin wurin. Ya tambayi gado, ya tambayi talabijin, bai tambayi abinci ba. Ni kuma ban taɓa zaton sai an faɗa wa Bahaushe akwai hatsi a ɗaki ba.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Ɗaya daga buhunan iri ne, kaurar da na ware don shukar bana. Ta jiƙe, ta tsiro a cikin buhu, ta ruɓe. Yanzu iri ya yi tsada a kasuwa, abin da kuka ba ni kuma ya tafi ga keke da masu yadi.

Roƙona shi ne a biya ni dawar nan kafin lokacin shuka ya wuce, a kuma koya wa jami'anku su riƙa ɗaga zane. Waɗanda suka yi mini dariya bara, yau su ke cika shagona suna tambayar yadda ake shiga, har da wani abokina daga Rurum. Dukansu manoma ne, amsarku suke jira. Ni ma ɗoki nake in kawo muku su.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya albarkaci kamfanin. Amma a hanzarta don Allah. Jiya na je Yalwa, dawar maƙwabta ta fara leƙowa, tawa gonar kuwa ƙasa ce kawai a jiƙe.

Wassalam.

Sabo Tela, Rano.